Fadamar da Ta Zama Birnin Caca: Asalin Arahar Las Vegas

A cikin hamadar Mojave, can yammacin Amurka, inda ruwan saman da ke sauka a shekara guda da ƙyar yake wuce inci 4, akwai wani kwari da duwatsu suka kewaye, wanda tun kafin Bature ya san da shi mutanen ƙabilar Paiute ke zaune a cikinsa suna shuka masara da kabewa, albarkacin waɗansu idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, rani da damina ba su ƙafewa. Sa'ad da fataken Meziko suka buɗe hanya daga New Mexico zuwa Los Angeles, ayarin farko kuwa na wani madugu ne mai suna Antonio Armijo, wanda ya ratso yankin a ƙarshen 1829 da farkon 1830, sai wannan kwari ya zama musu zango, suna sauke wa alfadarai kaya suna shayar da su, har suka sa masa suna Las Vegas, wanda ma'anarsa da Sifaniyanci ba ta da nisa da abin da mu muke kira fadama. Wanda ya san abin da rijiya take ga ayari a tsakiyar rairayi ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan darajar wurin.

A yau mutum kimanin miliyan 40 ke shiga wannan tsohon zango kowace shekara, galibinsu kuwa na 'yan kwanaki, kuma a cikinsu akwai masu ƙaramin guzuri da yawa, waɗanda taro ko biki ko ziyarar dangi ya kai su, ko kuwa sha'awar gani da ido kawai. Idan irin wannan baƙo ya tambayi abin da zai yi ba tare da ya zazzage aljihu ba, nan take za a lissafa masa ruwa mai rawa, da rumfar fitilu, da lambun furanni, da 'yan wasan igiya, dukkansu kyauta. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, ta yaya garin da ba shi da wata sana'a da ta wuce raba baƙo da kuɗinsa ya wayi gari yana ciyar da shi da rahusa, yana kuma nuna masa al'ajabi ba ko anini? Amsar tana cikin tarihin garin, kuma tarihi ne da ya cancanci a bi shi a hankali.

Mabiya ɗariƙar Mormon, su 30, su ne suka fara kafa gini a wurin a 1855, suka yi ganuwa ta tubalin laka a bakin rafi, amma ba su cika shekara uku ba suka tattara suka koma Utah. Garin na haƙiƙa jirgin ƙasa ne ya haife shi, domin jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, tururi kuwa sai da ruwa, saboda haka kamfanin Sanata William Clark, da yake shimfiɗa dogo tsakanin Los Angeles da Salt Lake, ya sayi gonar da ke da idanun ruwan, ya yanka filin da ke gaban tasha fuloti-fuloti, ya yi gwanjonsu ranar 15 ga Mayu, 1905. Shekara guda bayan haka aka buɗe Hotel Nevada a bakin titin Fremont, daura da tasha, wanda har yanzu yana nan tsaye da sunan Golden Gate. An yi caca a garin tun ranar farko, kamar yadda akan yi a kowane sansanin ma'aikatan dogo da masu haƙar ma'adinai, har majalisar jihar Nevada ta haramta ta, haramcin ya fara aiki a 1910, ta koma bayan labule.

Shekarar da ta juya al'amarin ita ce 1931. Tattalin arzikin Amurka ya karye, ma'adinai sun faɗi, baitulmalin jiha ya bushe, sai Gwamna Fred Balzar ya sa hannu a kan dokar halatta caca ranar 19 ga Maris, a daidai lokacin da aka rage zaman da mai neman saki zai yi a jihar zuwa mako 6, domin a jawo waɗanda dokokin jihohinsu suka tsaurara wa rabuwar aure. A cikin wannan shekara kuma aka fara gina madatsar ruwa a kan Kogin Kolorado, kimanin mil 30 daga garin, wadda a yau ake kira Hoover Dam, tsayinta ƙafa 726. Gwamnatin tarayya, da yake ta san halin lebura in ya karɓi albashi, ta gina wa ma'aikata garinsu dabam, watau Boulder City, ta hana giya da caca a cikinsa, kuma har gobe ba a caca a wannan gari. To, amma hanya a buɗe take, ranar biya kuwa dubban ma'aikata kan gangaro titin Fremont su bar abin da suka yi wata suna fasa dutse a kansa. Da aikin ya kusa kammaluwa, Shugaba Roosevelt ya zo ya buɗe shi a 1935, sai masu yawon buɗe ido suka maye gurbin leburori, Las Vegas ta riƙa tallar kanta da cewa ita ce ƙofar shiga madatsar. Ashe abin kallo na farko da ya kawo baƙi garin, gwamnati ce ta gina shi da kuɗin jama'a.

Shi kansa hutun ƙarshen mako, wanda garin ya rayu a kansa, sabon abu ne a lokacin. Henry Ford ya mayar da ma'aikatansa aikin kwana biyar a 1926, dokar ƙwadago ta 1938 kuma ta kafa ƙa'idar da ta kai makon aiki sa'a 40 a 1940, saboda haka ma'aikacin Los Angeles mai mota ya sami Asabar da Lahadi a hannunsa, ga kuma hanya mai lamba 91 ta miƙe cikin hamada kimanin mil 270. A daidai wannan lokaci sabon magajin garin Los Angeles, Fletcher Bowron, ya sa ƙafar wando ɗaya da gidajen cacar ɓoye, masu su suka ƙetaro Nevada, a cikinsu har da wani tsohon kyaftin na 'yan sanda mai suna Guy McAfee, wanda ake jingina masa raɗa wa wannan hanya suna Strip, don tunawa da titin Sunset Strip na garin da ya baro. Ranar 3 ga Afrilu, 1941, Thomas Hull ya buɗe otal ɗin El Rancho Vegas a bakin hanyar, bayan iyakar gari, inda fili ke da araha kuma harajin birni bai kai ba, ya haƙa wurin wanka a gabansa yadda matafiyin da rana ta gasa zai hango ruwa ya taka birki. Har yau mafi yawan Strip ba a cikin birnin Las Vegas yake ba a hukumance, yana cikin wani yanki ne da aka yi wa suna Paradise, watau Aljanna, sunan da mai karatu zai yi masa hukuncin da ya ga dama.

A El Rancho ne aka fara al'adar da ta fi kowace shahara a babin araha, wato teburin ci-ka-ƙoshi, wanda ake ba da labarin cewa wani ma'aikacin otal ɗin mai suna Herb McDonald ne ya ƙago shi a shekarun 1940, aka jera nama da cuku da burodi da tsakar dare, mutum ya biya dala 1 ya ci iya cikinsa. Otal ɗin hasara yake yi a kan kowane faranti, kuma ya sani. Hikimar abin tana cikin lissafin da ke ƙarƙashin cacar kanta. A ɗauki faifan nan mai juyawa da ake kira rulet: a Amurka gurabunsa 38 ne, amma wanda ya sa dala a kan lamba guda ya dace, dala 35 za a ba shi tare da dalarsa, ma'ana a cikin kowace dala 38 da aka zuba, gida na riƙe 2, wanda ya ɗara kashi 5 cikin 100 kaɗan. Wannan ragi ba ya bayyana a juyi ɗaya ko goma, mai sa'a yana iya ci ya tashi. Sai juyi ya kai dubbai kafin ya tabbata kamar haraji. Saboda haka abin da mai gidan caca yake saye a wurin baƙo shi ne lokacinsa, kuma babban abokin gabarsa yunwa ce, domin ita ce za ta tashi mutum daga tebur ta fitar da shi waje, inda iska za ta buge shi ya tuna da iyalinsa. Wanda ya zuba wa tantabaru tsaba a gindin tarko ba ya ƙirga tsabar a cikin sadaka.

Wanda ya kai wannan fahimta matuƙa shi ne Benny Binion, mutumin Texas da shari'a ta koro daga Dallas, ya buɗe gidan Horseshoe a titin Fremont a 1951. Kafinsa manyan 'yan caca kaɗai ake yi wa alheri. Shi kuwa ya ga cewa ƙaramin mutum, in aka girmama shi, ya fi babba yawa kuma ya fi shi dawowa, sai ya shimfiɗa darduma a ƙasa, ya riƙa ba kowane ɗan wasa abin sha kyauta, da dare kuma ana sayar da gasasshen naman sa dala 2. Ya kuma jera takardun dala dubu goma-goma guda 100 a bayan gilashi, jimla miliyan ɗaya, kowa ya zo ya tsaya a ɗauke shi hoto ba da biya ba, ya koma gida da shaidar cewa ya taɓa tsayawa kusa da arziki. Maƙwabtansa na Golden Gate suka fito da tasu dabarar a 1959, kofin jatan lande da miya a kan rabin dala, a gari mai nisan ɗaruruwan mil daga teku, kuma suka riƙe wannan farashi har 1991, sa'an nan suka ɗaga shi zuwa dala ɗaya ba kwabo, in mun kira sent ɗinsu kwabo.

Akwai wani kallo na kyauta a waɗannan shekaru wanda hankali ke wuyar ɗauka. Daga 27 ga Janairu, 1951, gwamnatin Amurka ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a wani fili mai nisan mil 65 arewa maso yamma da garin, kuma kafin a mayar da gwajin ƙarƙashin ƙasa bayan 1962 an tayar da guda 100 a sararin sama. Ƙungiyar 'yan kasuwar garin ta buga kalanda mai ɗauke da ranakun fashewa da wuraren da aka fi hangowa, otal-otal suna shirya walimar asuba a kan soraye, mutane na riƙe da kofuna suna jiran haske ya keto kafin alfijir, alhali iska na kwashe ƙurar ta kai ta kan ƙauyukan Utah, inda daga baya ciwon daji ya yi ɓarna har majalisar ƙasa ta yi dokar biyan diyya a 1990. Mai son ganin ragowar wannan zamani zai same shi a gidan tarihin gwajin nukiliya da ke gabas da Strip.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa wannan araha ba ta kowa ba ce a lokacin. Baƙar fata na dafa abincin, suna wanke farantan, manyan mawaƙa irin su Nat King Cole da Sammy Davis Jr. suna cika zauruka, amma in an tashi sai su ƙetara dogo su kwana a unguwar Westside, domin ba a ba su ɗaki a otal ɗin da suka yi wa wasa. Otal na farko da ya haɗa kowa, Moulin Rouge, an buɗe shi a Mayun 1955, bai kai ƙarshen shekara ba ya rufe, kuma sai a Maris 1960, bayan da Dakta James McMillan, shugaban reshen ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, ya yi barazanar fito da jama'a zanga-zanga a kan Strip, aka zauna a cikin wannan rufaffen otal aka amince a buɗe ƙofofi.

Bayan zamanin manyan 'yan daba irin su Bugsy Siegel, wanda ya buɗe Flamingo a Disambar 1946 aka harbe shi wata shida bayan haka, da zuwan attajiri Howard Hughes a 1966, da gyaran doka da ya ba manyan kamfanoni damar mallakar gidajen caca, sai tsabar ta sauya kama, ta tashi daga ciki ta koma ido. Jay Sarno ya buɗe Circus Circus a 1968, 'yan wasan igiya na lilo a saman kawunan 'yan caca. Steve Wynn kuwa ya fito da abin har bakin titi: a gaban otal ɗin Mirage, wanda ya ci dala miliyan 630 aka buɗe shi a Nuwamban 1989, ya gina dutse mai aman wuta da ke tashi kowane dare, a Treasure Island, a 1993, ya sa jiragen ruwa biyu suna yaƙi har ɗaya ya nutse, a Bellagio, a 1998, ya haƙa tafki ya dasa bututu fiye da 1,000 da ke harba ruwa sama bisa kiɗa. Tsofaffin gidajen titin Fremont, da suka ga ciniki ya gudu, suka haɗa kai da hukumar birni suka rufe titin da wata doguwar rumfa ta fitilu a 1995. Manufar ba ta canza ba tun daga wurin wankan Thomas Hull, wato a tsayar da mai wucewa a ƙofa, in ya so cunkoso ya ƙarasa tura shi ciki.

Sai dai daga wajen 1999 lissafin ya kife, domin kuɗin da otal-otal na Strip ke samu daga ɗakuna da abinci da wasanni da kantuna ya zarce na caca, kuma a yanzu cacar ba ta fi kusan sulusin abin da ke shiga ba. Abin da dā ake hasara a kansa da gangan ya zama shi ne hajar, kuma ba a yin rahusa a kan haja. Aka ƙago wani kuɗi da ake ɗorawa a kan farashin ɗaki kowane dare da sunan hidimar masauki, wanda baƙo ba ya lura da shi sai wajen biya. A 2016 kamfanin MGM ya fara karɓar kuɗin ajiye mota, abin da mutanen garin suka ɗauka kamar an taɓa musu gado. Da annobar korona ta rufe gidajen caca daga tsakiyar Maris zuwa 4 ga Yuni, 2020, yawancin teburan ci-ka-ƙoshi ba su sake buɗewa ba, waɗanda suka saura a manyan otal kuwa sun zama na masu hali. Yaƙin jiragen ruwa ya ƙare, dutsen Mirage ya yi amansa na ƙarshe a Yulin 2024. Ƙarshen mako ma, wanda garin ya ginu dominsa, shi ne lokacin da ɗaki ya fi tsada, daren Juma'a da na Asabar sukan ninka na Talata, don haka mai ƙaramin guzuri yakan sauka a tsohon gari, watau wajen titin Fremont, ko a bayan Strip.

Duk da haka ragowar tsabar tana nan, kuma wanda ba ya caca yana iya tsince ta ya wuce, ko da yake hukuncin tsayawa kallo a ƙofar gidan maisir mas'ala ce ta malaman fiƙihu, ba ta mai ba da tarihi ba. Ruwan Bellagio na tashi kowane rabin sa'a da rana, da dare kuma kowane minti 15 har tsakar dare, lambun furannin da ke cikin otal ɗin ana sake masa ado sau biyar a shekara, a bayan Flamingo akwai tsuntsaye masu dogon wuya da suka ba otal ɗin suna, 'yan wasan Circus Circus ba su fasa lilo ba, rumfar Fremont kuma tana kunnuwa bayan magariba. Bas mai hawa biyu da ake kira Deuce tana zirga-zirga dare da rana tsakanin Strip da tsohon gari, da tikitin yini guda na 'yan daloli, kuma gara a hau ta, domin Strip ya haura mil 4, gine-ginen kuma saboda girmansu sukan yaudari ido su nuna kusa, zafin Yuli kuwa ya taɓa kaiwa digiri 49 a 2024. A ƙarshen titin ta kudu akwai allon maraba da wata mata mai suna Betty Willis ta zana a 1959, ba ta kuma yi masa rajistar mallaka ba, wanda a ganina shi ne kyautar da ta fi kowace tsarkin niyya a garin, ga shi kullum mutane na layi a gabansa don ɗaukar hoto.

Ni dai da za a nemi shawarata, da na ce a ba wa fitilu dare ɗaya, a ba wa hamada sauran lokacin, domin abubuwan da suka riga caca zuwa kwarin su ne ba su da ƙugiya a ciki. Mil 17 yamma da gari akwai jajayen duwatsun Red Rock, da hanyar mota mai mil 13 da ke kewaya su. Arewa maso gabas akwai Valley of Fire, inda mutanen dā suka bar zane a jikin dutse shekaru fiye da 2,000 da suka wuce. Tafiya da ƙafa a kan madatsar Hoover kyauta ce, haka ma hawa gadar da aka buɗe a 2010 daura da ita, wadda ta yi wa kogin tsayin kusan ƙafa 900, daga nan kuma mutum zai hango farin zobe a jikin duwatsun Tafkin Mead, alamar inda ruwa yake kaiwa a dā, tafkin da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan shan garin ke fitowa daga cikinsa, wanda a Yulin 2022 ya sauka har bai fi rubu'in cikarsa da kaɗan ba.

Idanun ruwan da suka ba garin suna sun daina ɓuɓɓuga a 1962, bayan da rijiyoyin burtsatse suka janye ruwan ƙasa, kuma an mayar da wurin lambu da gidan tarihi mai suna Springs Preserve a 2007. Ganuwar 'yan Mormon kuwa, ɗaki guda na laka ya saura daga cikinta, arewa kaɗan da titin Fremont, shi ne gini mafi tsufa da ke tsaye a jihar, kuma a cikinsa ne injiniyoyin gwamnati suka riƙa gwada ƙarfin kankaren da aka zuba a madatsar Hoover. Kuɗin shiga 'yan daloli ne, kuma a gefen ɗakin an tona wata 'yar magudana an sako mata ruwan famfo, domin mai ziyara ya ga yadda rafin yake a zamanin da alfadarai ke sha a cikinsa.